Karatun share fagen aikin lafiya: wa ke biya, wa ke wucewa? Zare daga Magama

1/
Jama'a, zaren yau mai tsawo ne, mai sauri ya ajiye shi sai dare. Magana ce a kan karatun share fage, wanda yaranmu ke kira rimediyal, musamman ga masu son shiga nas, ungozoma, likitanci da sauran makarantun kiwon lafiya. Daga Magama nake rubutu, bakin iyakar Jibiya. Abin ya ci kuɗina, don haka ina da bakin magana.

2/
'Yar yayata ce. Ta gama sakandare da kiredit a Turanci, Lissafi da Bayoloji. Kemistiri da Fiziks suka ƙi. Kada wani ya ce daƙiƙiya ce, wallahi ta fi ni kai. Amma shekara uku tana babbar sakandare ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunta ba. A allo ake zana masu ita da alli.

3/
Malamin Fiziks ɗinsu ɗan bautar ƙasa ne. Ya yi zango ɗaya, wani dare aka kwana ana jin harbe-harbe daga nesa, da safe ya haɗa jakarsa. Ban ga laifinsa ba, shi ma ɗan wasu ne. Sai dai tun daga ranar ajin bai sake ganin malamin Fiziks ba har suka zauna jarrabawa.

4/
Rannan ta same ni a shago ta durƙusa. "Kawu, an ce akwai rimediyal, shekara ɗaya ce, in na yi zan shiga nas." Na ce, "Wa ya ce maki?" Ta miƙo mani takardar talla. Hoton yarinya cikin farin kaya, da abin sauraren ƙirji a wuya. An rubuta kuɗin fom, an rubuta lambar waya. Ba a rubuta mutum nawa suka taɓa wucewa ba. Ni ma ban tambaya ba. Nan ne kuskurena na farko.

5/
Ba zan faɗi sunan makarantar ba, kada ma a tambaye ni a saƙo. Ba faɗa da wani gida na zo yi ba. Tsarin nake magana a kai, kuma tsarin ya fi kowace makaranta ɗaya girma.

6/
Ga wanda bai sani ba: ƙa'idar shiga nas ita ce kiredit biyar, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri, Fiziks, a zama bai wuce biyu ba. Likitanci kuwa yawancin jami'o'i a zama ɗaya suke so. To duk wanda ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ya kuɓuce masa, ko makinsa na JAMB bai kai ba, shi ne kasuwar share fage.

7/
Hanyoyin suna da yawa. Akwai makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. Akwai IJMB, wadda ita ma ABU ke kula da jarrabawarta, in ka yi kyau ka nemi shiga aji biyu kai tsaye. Akwai JUPEB, takwararta. Jami'o'i da kwalejoji da dama na da nasu shirin na shekara ɗaya. Sannan ga cibiyoyin kuɗi da suka cika lunguna, wasu a gidan haya mai ɗaki huɗu.

8/
Bari in faɗi matsayina tun yanzu don kada a juya mani magana. Ni ba na adawa da share fage. Yaron da ya fito daga Jibiya, Batsari ko Safana a shekarun nan, in ba a ba shi shekarar gyara ba, to an rufe masa ƙofa tun kafin ya ƙwanƙwasa. Abin da nake adawa da shi shi ne a sayar wa talaka tsani ba a gaya masa matakala nawa suka karye ba.

9/
Ku tuna abin da yaran nan suka ratsa. Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana. Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Jibiya, tsawon watanni. Ƙauyuka sun watse, wasu sun dawo cikin gari, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. Yarinyar da ta yi sakandare a wannan tsakani, da ita da 'yar makarantar kuɗi ta Abuja takardar Kemistiri ɗaya aka ba su.

10/
To mu zo kan kuɗi. Abin da aka rubuta a takarda shi ne mafi ƙanƙanta. Bayan fom akwai kuɗin karɓar gurbi. Akwai kuɗin makaranta. Akwai ɗaki, in an samu na makaranta ka gode Allah, in ba a samu ba sai haya a gari, su huɗu ko biyar a ɗaki. Akwai takardun da malamai ke sayarwa. Akwai farar rigar ɗakin gwaji. Akwai kuɗin "aikin gwaji", ko an yi gwajin ko ba a yi ba.

11/
Kuma duk wannan bai ba ka kiredit ɗin da ka rasa ba. Kiredit daga WAEC ko NECO yake fitowa, don haka sai ka sake biyan kuɗin jarrabawa daban. Sannan JAMB daban. A 2025 rajistar JAMB naira 7,200 ce, in da jarrabawar gwaji 8,700. Wani zai ce ai wannan ba kuɗi ba ne. Haka ne, in gidanku na kusa da cibiyar kwamfuta.

12/
Mu nan sai an shiga mota zuwa Katsina. Ranar rajista tafiya, ranar ɗaukar hoton yatsa in na'ura ta ƙi wata tafiyar, ranar jarrabawa in an ba ta zaman safe sai an kwana. 'Ya mace kuma ba a sakinta ita kaɗai a hanyar nan, sai da ɗan rakiya, kuɗin mota ya zama biyu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma.

13/
Mu dai abin da ya tafi a shekarar: raguna biyu da Yaya ke kiwo don layya, buhun wake uku, ni kuma na taɓa jarin shago har sau biyu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, kuma yawancin iyayen da nake magana a kansu ba su da albashin ma. Noma ne, shi ma gonar nesa ba ta zuwuwa. Ko ɗan cinikin bakin boda, shi ma kun san halin da ya shiga.

14/
Don wanda ba ɗan nan ba ne: an rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, tamu ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Garin da ke ci daga shige da fice, ku lissafa shekara nawa ya yi tukunyarsa a kife. Daga wannan aljihun ake fitar da kuɗin rimediyal.

15/
Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta rasit a kansa. Shekarar yarinya. Hannunta a gida. Manemin da ya ce zai jira, danginsa suna zuga shi. Maganar maƙwabta, "an kai ta birni, ko me take yi can oho." Namiji in ya faɗi ya dawo ya kama acaɓa ko shago, a shekara mai zuwa ya sake gwadawa. Mace in ta faɗi sau ɗaya, galibi shi ke nan, ba ta da zagaye na biyu.

16/
Wani abin takaici: bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da naira 20,000 a wata na kashewa. Madalla. Amma cikin sharuɗɗansa akwai lambar JAMB da shaidar ka samu gurbi a babbar makarantar gwamnati. Wato sai ka haye sannan a miƙo maka igiya. Wanda ke tsakiyar ruwa, ɗan share fage, shi ne ya fi bukata, shi ne kuma tsarin bai hango ba.

17/
Yanzu tambayar da ta fi damuna: su wa ke zaune a ajin? Na je ziyara sau da yawa a shekarar, na zauna da su a bakin ƙofa, na ci ƙosai da su. Abin da idona ya gani kashi uku ne.

18/
Kashi na farko 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwar birni. Kiredit ɗinsu cikakke, sun yi makarantar kuɗi, makin JAMB ne bai kai na likitanci ba. Su wannan shekarar zaman jira ce. Suna da waya mai kyau, suna da malamin gida, in bana ba ta yi ba baɗi uba zai sake biya, ko a nemi wata ƙasar.

19/
Kashi na biyu irin tamu. Daga makarantun gwamnati na ƙauye da ƙananan garuruwa. Ba Kemistiri kaɗai ke ba su wuya ba, Turancin da ake koyar da Kemistirin ma aiki ne. Ta gaya mani makonni uku na farko ba ta iya ɗaga hannu, don in ta yi tambaya 'yan gaba na dariyar lafazinta.

20/
Kashi na uku su suka fi ba ni tausayi, su kuma suka fi burge ni. Matan aure da zawarawa da suka dawo karatu bayan shekara biyar, bakwai, goma. Wata da goyo. Ta bar jariri wurin mai kitso a bakin makaranta, tana fita ba shi nono tsakanin darasi. Babu wanda ya tsara komai dominta. Jadawalin na ɗan shekara sha bakwai ne da ba shi da kowa a wuyansa.

21/
To a haɗa ukun nan a aji ɗaya mai cunkoso, malami ɗaya, gudu ɗaya, jarrabawa ɗaya. Wa kuke jin zai fito a sama? Sai makaranta ta ɗauki hoton 'yan kashi na farko ta buga a takardar talla, ta kawo Magama ta raba wa 'yan kashi na biyu. Ba ƙarya aka yi ba, waɗancan ɗin sun wuce. Amma da ma ko babu makarantar za su wuce.

22/
Abin da aka ƙirƙiro share fage dominsa shi ne ɗaga na baya. In ya koma ɗakin jiran na gaba, na baya kuma su ke cika kujeru suna biyan kuɗin wuta, to an juya abin. Wannan ra'ayina ne, mai ja ya ja.

23/
Mu zo kan sakamako. Kalmar "ya ci" ita ce ake ruɗa iyaye da ita. Ci wanne? Ƙofofin huɗu ne, kowace da mai gadinta. Ta farko ka samu kiredit ɗin da ka rasa. Ta biyu makin JAMB da tantancewar makaranta. A 2025 cikin mutum kusan miliyan biyu da suka zauna JAMB, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Nas da likitanci kuwa su ne inda aka fi turmutsutsu.

24/
Ƙofa ta uku ita ce iyaye ba su sani ba. Kowace makarantar nas da ungozoma tana da adadin da hukumar nas ta ƙasa ta yarda ta yi wa rajista a shekara. Haka kowace tsangayar likitanci tana da adadinta daga hukumar likitoci. Ko ɗalibai dubu suka ci share fage, kujerun da ke gaba ba sa ƙaruwa saboda haka.

25/
Shi ya sa a al'adar makarantun nas ake da watanni shida na farko, abin da suke kira PTS. Ka shiga, ka ɗinka kaya, an yi maka walima a gida, sannan a yi jarrabawar tacewa. Wanda bai tsallake ba ya tattara. Wannan ma wani share fagen ne a cikin share fage, kuma shi ma da kuɗinsa. Ƙofa ta huɗu jarrabawar lasisi ce a ƙarshe, ita ba ta san ɗan kowa ba.

26/
A yi adalci, gwamnatin tarayya ta faɗaɗa guraben. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da ɗaga adadin ɗaliban makarantun lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Abu ne mai kyau. Sai dai faɗaɗa ƙofa bai canza wanda ke tsaye a gaban layi ba. In ba a ware wa na nesa hanya ba, ƙarin kujerun ma na kusa ne za su cike su.

27/
Tamu ta samu Kemistiri da Fiziks a NECO, alhamdu lillahi. Makin JAMB bai kai na nas ba. Aka ce ga gurbi a wani fanni da ba ruwansa da asibiti, in tana so. Ta kira ni tana kuka. "Kawu, ba wannan na zo nema ba." A lissafin makarantar ta ci, ta samu gurbi, za a saka ta cikin masu nasara. A lissafin Yaya da ta sayar da raguna fa?

28/
Saboda haka buƙatata ta farko mai sauƙi ce, ba ta cin ko sisi. Duk mai shirin share fage, na gwamnati ko na kuɗi, a tilasta masa ya liƙa lambobi uku a ƙofa da kan takardar talla: mutum nawa suka shiga bara, nawa suka kammala, nawa suka samu gurbi a fannin lafiyar da suka zo nema. In da hali a raba maza da mata, 'yan makarantar gwamnati da na kuɗi.

29/
Mai sayar da taki ma ana tilasta masa ya rubuta abin da ke cikin buhu. Makaranta na da rajistar ɗalibanta, ta san amsar. Wanda lambobinsa ke da kyau ai talla ce kyauta aka yi masa. Wanda ya ƙi liƙawa kuma, uba ya fahimci abin da zai fahimta.

30/
Na san za a ce, "ai ba wanda aka tilasta, kasuwa ce." Kasuwa tana yin adalci ne in mai saye ya san abin da yake saye. Uban da bai taɓa shiga aji ba, 'yarsa ce ta farko a zuri'arsu da ta gama sakandare, ta ina zai san bambancin "gurbi" da "gurbin nas"? Shi farin kayan hoton ya gani.

31/
Kafin in wuce, maganar tsallaka boda, tunda mu a bakinta muke. Maraɗi ta fi mana Kano kusa. Akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta gwamnati mai tsangayar lafiya, da Faransanci ake karatu. Akwai masu zaman kansu da ke koyarwa da Turanci, irin Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a 2013, kuma 'yan Najeriya da yawa sun yi karatu a garin. Ga wanda JAMB ta gajiyar, hanya ce mai jan hankali.

32/
Amma lissafin ya canza. Kafin a rufe boda a 2019 jikar sefa ba ta kai naira dubu ba. A 2024 ta haura naira dubu biyu. Kuɗin makarantar da bai motsa ba a sefa, a aljihun Bakatsine ya ninka ya sake ninkawa. Na san gidajen da yaro ya yi rabi ya dawo, ba don ya faɗi ba.

33/
Sannan takarda. Wanda ya karanta nas ko likitanci a waje ba ya taɓa majinyaci a Najeriya sai ya bi ta hukumar da ke ba da lasisi a nan, ya ci jarrabawarta. Kuma tun bayan rahoton ɗan jarida Umar Audu, wanda ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, ministan ilimi na lokacin ya ce binciken zai kai wasu ƙasashen har da Nijar. Ba ina zargin kowace makaranta ba ne. Cewa nake a tambayi hukumar lasisi kafin a biya, ba bayan an gama ba.

34/
Waɗanda suka tura 'ya'ya Sudan ma sun ga wani darasin a Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke aka kwaso ɗalibai ta kan iyakar Masar, da yawansu 'yan likitanci, wasu saura kaɗan su gama. Karatun waje ba laifi ba ne, amma ba shi ne zai cika asibitocin ƙauyenmu ba.

35/
To mene ne mafita? Abin da ke ba ni haushi shi ne ba sai mun ƙirƙiro ba, an taɓa yi a jihar nan. Shirin Women for Health, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ya fara a 2012 a jihohi biyar: Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Yobe. Ya kawo shekarar share fage ta musamman don matan karkara.

36/
Ku duba yadda aka tsara shi. Al'umma ce ke zaɓo yarinyar, da yardar iyaye ko miji, da hannun masu gari da malamai. Wadda ba ta da cikakken kiredit ta yi wata tara ana gyara mata ta sake zama jarrabawa. Wadda ke da su ta yi wata uku ana shirya ta don shiga makarantar lafiya. An kula da wurin kwana, an yi wurin renon jarirai don masu goyo. Ita kuma ta yi alkawarin in ta gama za ta koma garinsu ta yi aiki.

37/
Kun ga bambancin? Can an fara da tambayar "wane gari ne ba shi da ungozoma?" sannan aka je aka nemo ɗaliba. A kasuwar rimediyal kuwa ana farawa da "wa ke da kuɗin fom?" Can an raba aji gwargwadon abin da ya rage wa kowa. Can an san mai goyo za ta zo, an shirya mata. Kuɗin masu tallafin ya ƙare a 2020, kamar yadda kuɗin masu tallafi ke ƙarewa kullum.

38/
Kuma ba tausayi ne kawai ba, lissafi ne. Hukumar lafiya ta duniya tun 2010 take ba ƙasashe shawarar su riƙa ɗaukar ɗaliban lafiya daga karkara, don su suka fi zama a karkara bayan sun gama. Mu ba ma bukatar Janiba ta gaya mana. Wa aka taɓa turowa nan daga birni bai fara neman canjin wurin aiki tun watan farko ba? 'Yar gari kuwa uwarta na nan, gonarsu na nan, ina za ta?

39/
A Ingila akwai karatun share fagen shiga jami'a na manya da suka bar makaranta, da yawan masu yinsa nas suke nema. Gwamnati na ba da bashin yinsa, in ka wuce ka kammala digirinka a yafe bashin share fagen. Wato sun gane cewa matakalar farko ita ta fi wuyar hawa. Mu namu bashin daga mataki na biyu ya fara.

40/
Gwamnatin Dikko Raɗɗa ta tura ɗalibai 41 Masar karatun likitanci, kuma an zaɓo su daga makarantun gwamnati. Na yaba, har ga Allah. Amma jihar nan gundumomi 361 gare ta. In kowace gunduma ta ba da yara mata biyu a shekara, 722 ke nan. A ba su shekarar gyara kyauta, da abinci, da kuɗin NECO da JAMB, a ware musu kaso a makarantun nas ta Katsina, ungozoma ta Malumfashi, kiwon lafiya ta Kankiya da Daura. Wannan ita ce buƙatata ta biyu.

41/
Kuma a bayyana a kasafi, layi guda da sunansa, kowace shekara, kowa ya gani. 'Yan majalisarmu da shugabannin ƙananan hukumomi masu rabon fom ɗin JAMB a gaban kyamara, fom shi ne mafi arha a duk tafiyar. Wanda ke son a tuna da shi ya ɗauki nauyin shekarar gaba ɗaya, ko da ta yara goma ce, ya bi su har ƙofa ta huɗu.

42/
Masu cewa wannan rage inganci ne, ku saurara. Ba wanda ya ce a sassauta jarrabawar lasisi, ni ma ba na son mai rabin sani ta yi wa matata allura. Cewa aka yi a ba yarinyar da ba ta taɓa ganin ɗakin gwaji ba wata tara a ɗakin gwaji, sannan ta zauna jarrabawa ɗaya da kowa. In ta faɗi bayan haka ta faɗi da gaskiya.

43/
Masu cewa alkawarin komawa gida ɗauri ne, akwai gaskiya a maganarku, ban raina ta ba. In za a ɗaure ta shekara biyu ko uku, to a ɗauke ta aiki da takarda, a biya ta a kan lokaci, a ba ta ɗaki mai ƙofa. Ba a ce ta yi "sa kai" shekara huɗu tana jiran suna ya fito ba. Muna da masu takardar kiwon lafiya a garin nan da ke zaman shagon magani don ba a ɗauke su ba. Share fagen da ba aiki a ƙarshensa wani rimediyal ɗin ne kawai mai tsawo.

44/
Me ya sa na damu har haka? Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Mu nan ba a lamba muke ganinsa ba. Naƙuda ta zo da dare, hanya ba ta biyuwa, miji ba ya son namiji ya duba matarsa, mace ma'aikaciya kuma babu a kusa. Iyaye mata na ɗaukar yara su tsallaka Ɗan Isa da Madarunfa neman magani. Ga kuma 'yan mata a gida masu son aikin, Kemistiri ya tare su.

45/
Tamu dai ba ta karɓi wancan gurbin ba. Ta zauna gida shekara guda, manemin ya gaji ya auri wata. Shekara ta biyu ta samu makarantar kiwon lafiya, tana karatun ma'aikaciyar lafiyar al'umma. Ba nas ɗin da ta so ba ne, amma asibiti ne. In ta zo hutu tun kafin ta ajiye jaka maƙwabta sun fara kawo yara, "likita ta dawo." Tana ce musu ita ba likita ba ce, ba sa ji.

46/
Su shida suka tafi shekarar daga unguwarmu da kewaye. Ita da wani yaro ɗaya ne ke makarantar lafiya yau. Biyu sun yi aure, ɗaya na karanta fannin da bai nema ba, ɗaya yana lodi a tasha.

47/
Makon jiya ƙanwarta ta shigo shago da wata takardar talla, sabuwa fil, hoton ma ya fi na wancan karon kyau. "Kawu, ni ma." Na juya bayan takardar na rubuta mata tambayoyi uku: nawa suka shiga bara, nawa suka gama, nawa ke nas yanzu. Na sa mata kati na ce ta kira lambar da ke jiki. Ta kira a gabana. Aka ce mai amsa irin wannan tambayar ba ya nan, amma fom ya kusa ƙarewa, ta yi sauri.